Katin Gariba

Ni na rubuta masa ta farko.
Ban taɓa faɗa wa kowa ba
sai takarda.

Shekara huɗu ke nan ya shigo a karkace,
jini a rigarsa, ba nasa ba,
na bijimin da ya saɓa a mayanka.
Ya ce, "Likita, bayana ya ƙi ni."
Na ce kwana biyar, ƙwaya ɗaya safe, ɗaya dare.
Alƙalamina ko rawa bai yi ba.

Kwana biyar suka haihu, suka yi jikoki.

Ya daina zuwa wurina.
Akwai yaro a bayan tashar Aboabo
mai sayar da ita cikin kwalin ashana,
ba ya tambayar kati, ba ya awon jini.
Lariba ce ke zuwa, wai hawan jininta,
amma da na ɗaura mata ma'auni a damtse
sai ta kalli fanka ta ce,
"Jiya ya yi barci a tsaye, wuƙa a hannu."

Na san gidan nan kamar yunwar cikina:
tarin uwarsa, ranar kaciyar ɗansa,
da autar da allura ke sa ta suma.
Abin da ban sani ba
shi ne yadda ake zare ƙaya
bayan ta zama ƙashi.

Sau biyu na ba shi takarda
zuwa ɗakin masu raba mutum da ƙwaya.
Ta farko ya naɗe wa wani tsoka a ciki.
Ta biyu ta kai bakin ƙofa,
ya hango ɗan layinsu a benci, ya juya.
"Can na mahaukata ne."

Sai na bar aika takarda. Na ɗaga waya.

Sista Serwaa ba ta jin Hausa sai sannu,
muryarta ta wadda ba ta karya ba.
Ta ce, "Ku likitocin unguwa haka kuke,
ku jefo mana mutum ta katanga,
ku wanke hannu."
Na haɗiye. Na ce, "Ku kuma ku sako shi
ba ko layin rubutu,
ya dawo min da ciwon da ya kai shi."
Shiru ya yi tsawo.
Ta ce, "Wace rana ɗakinka ke da kujera ta uku?"

Laraba.
Tana ratso Kumasi a trotro, jaka a cinya,
ta zauna kusa da ma'aunin jarirai.
Wanda ya ga Gariba a layi
zai ce maganin baya ya zo karɓa,
kuma bai yi ƙarya ba.
Ita ta san lissafin ragi,
rabi, sai kwata,
zufa, zawo, da daren da ba ya son wayewa.
Ni na san bayan, na san Lariba,
na san ba a fara wa mahauci ragi a makon layya.
Kati ɗaya, hannu biyu:
nata a jere kamar sahu,
nawa kamar kaza ta yi tono.

A wata na uku ya zame.
Bikin ƙanensa. Mako biyu ba labari.
Na fara rubuta "ya ƙi",
ta dafe katin da yatsa:
"Sa, bai zo ba tukuna."

Ya zo. Ya rame, ido a ƙasa,
da hanta a leda, rabi nata, rabi nawa.
Ita ta tambaye shi guda nawa ya sha.
Ni ban iya ba.

Yau na gaya masa.
Na ce, "Gariba, ni na buɗe maka ƙofar nan."
Ya daɗe yana murza hularsa.
Ya ce, "Ciwo na kawo maka, ka ba ni abin da ka sani."
Sannan ya juya wajen Sista,
da Tonancinsa na kasuwa,
yana roƙon Laraba mai zuwa
a matsar da shi bayan azahar,
an kawo shanu daga arewa.