Kwalba Arba'in

A Inari, lokacin da rana ke ƙin fitowa,
Tuulikki ta huda ƙanƙarar tabki,
ta ɗebo ruwa kwalba arba'in.

Wata bakwai ana aune-aune.
Ruwa dai lafiya lau,
yadda kowa ya zata.

Ɗalibinta Eetu ya ture takarda:
"Wa zai karanta wannan? Ko kakata ta sani!"

Ta goge tabarau da bakin rigar sanyi.
"Kakarka zato take.
Zato zunubi, ko ya zama gaskiya.
Da ji muke, yau mun gani."

Ta jera lambobinta, duk salihai.
Ran da ruwan nan ya sauya hali,
su za su ba da shaida.

Sai ta tari famfo,
ta ɗora musu shayi.