Tawadar Allah

Ranar Talata, goma da kwata,
a hawa na biyu, saman shagon masu gyaran waya,
cikin wani layin Sheffield da ruwan sama ya mayar gidansa,
na miƙa wa Dakta Pritchard kuncina na hagu.
Ta ɗora ɗan gilashi mai fitila
kan ɗigon da ya riga haƙorana fitowa.

Ta ce babu abin tsoro:
gefensa a zagaye, launinsa ɗaya,
bai ƙara girma ba, bai taɓa jini don kansa ba.
Ƙwayoyin da ke rina fata ne, in ji ta,
maimakon su bazu kamar gero a shanya
sai suka taru wuri guda suka ƙi tashi.
Wani gadonsa ake yi,
wani kan zo da balaga ko da goyon ciki,
wani kuwa rana ce ke kiransa.
Na ce, rana? A garin nan?
Muka dubi taga tare, muka yi dariya.

Ban gaya mata ba, mu a gida ba ƙwayoyi muke cewa ba.
Cewa muke an gama rubuta mutum,
aka ɗaga alƙalami,
sai ɗigo ɗaya ya kuɓuce.

Ba muni ya kawo ni ba, reza ce.
Kullum da asuba sai ta gaishe shi,
in hau tuƙin bas da jini a wuyan farar riga,
fasinja na kallon auduga a fuskata, ba ya kallon canjinsa.
Asibitin gwamnati ya ce tunda ba cuta ba ce kwalliya ce,
kwalliya kuwa kowa da aljihunsa.
Fam ɗari biyu da tamanin.
Na lissafa da naira, na yi maza na daina.

Ta gargaɗe ni kafin allura:
fata irin taka tana da riƙo,
wani lokaci takan rama da tabo mai tudu.
Na sa hannu a takarda.

Sanyi, sai shiru.
Sai wani ƙauri siriri,
kamar ana babbakar kan rago a gida na uku.
Minti tara.
Shekara arba'in da bakwai ta faɗa cikin 'yar kwalba,
aka manna mata sunana, da harafi ɗaya a karkace,
za a kai ta ɗakin gwaji don a tabbatar.

Sai a tasha, ina jiran taragon Hillsborough,
yatsana ya tafi wurin da kansa
yadda harshe ke komawa gurbin haƙori.
Ya sami filasta.
A nan na tuna Inna.

Mu shida ta haifa, maza, muryarmu ɗaya.
Tun da yana ta rufe mata ido
ba ta yarda da sallama.
In ka durƙusa sai hannu ya taso,
yana warin daddawa da man zafi,
ya bi goshi, ya sauka hanci, ya karkata hagu.
In ya ci karo da shi sai ta ce,
“Sallau ne. Kai ka rame.”

Tikitin Funtua na cikin wayata, sha huɗu ga Disamba.
Me zan ce in hannun ya zo ya wuce,
ya dawo, ya sake nema,
ta tambaye ni wa ya wanke allon?

Sakamako ya fito, lafiya lau.
Ciwon ya kame, ya bar ɗan tudu kamar ƙwayar dawa.
Likita ta ba ni wani mai, safe da dare,
ta ce in na dage, kafin wata shida
ko ni sai na laluba.

Yana cikin aljihun tebur, kusa da tsohon fasfo.
Ban ɓalle murfinsa ba.