Shida Bisa Goma

Masu sharhi sun ba shi shida bisa goma.
Wai kashi na biyu ɗumamen tuwon jiya ne:
ƙadangaren nan dai, tsallen nan dai,
daga katanga zuwa rufin kwano.
Wai an rage ramuka,
ko jariri ya kai ƙarshe.

Na karanta a waya, bakin gadar Binuwai,
ina jiran fasinja, babur na huci.

Da dare a gidanmu na Garwa
Tasalla ta ƙwace madannai
ta danƙa wa kakarta, Inna Dudu,
mai yatsun da murzar gyaɗa ta ƙagar.
Na farkon ya jefa ta rami sau goma sha ɗaya,
ta ce a mayar wa shaiɗan kayansa.
Yau ƙadangare ya zame, ya faɗa,
sai ga ganyen kuka ya tallabe shi zuwa tudu.
Inna ta rangaɗa guɗa
har maƙwabciya ta leƙo ko haihuwa aka yi.

Kai da ka ba shi shida,
ban ce ka yi ƙarya ba.
Ni ma na yi hamma a mataki na huɗu,
kiɗan kuwa tsirkiya ɗaya ake ta ja.
Sai dai kai kaɗai ka buga, ƙofa a rufe.

Saura tsalle uku aka ɗauke wuta.
Inna ba ta saki madannan ba.
"Ku bar shi," ta ce cikin duhu,
"bari ya huta, gobe ma rana ce."