Lissafin Uwani

Uwani ta turo takarda ta waya,
shafi goma sha ɗaya.
Na kai wa yaron shago a Dilimi ya buga mini,
don idona ya daina jituwa da ƙananan baƙaƙe.
Ta ce, Baba, karanta, hankalinka ya kwanta,
ba a sakin jirgi ya shiga tseren teku
sai an ƙirga waɗannan, ɗaya bayan ɗaya.

Ni ban taɓa ganin teku ba.
Ruwan da na sani shi ne na ramin kuza,
kore, shiru, ba ya gudu, ba ya gargaɗi,
wanda kamfani ya haƙa, ya kwashe, ya bar mana.

Na zauna a dakali da shayi, sanyin Jos yana cizon yatsa.
Rigar ceto, kowa da tasa, da sunansa a jiki,
da usur, da fitilar da ke kama kanta in ta sha ruwa.
Bokiti biyu, kowanne da igiya a hannunsa.
Na yi dariya a nan:
jirgin miliyoyi, iska ke tura shi da ƙyalle ya fi rumfar kasuwa,
amma bai fi ƙarfin bokiti ba.
Turakun katako, a ɗaure kusa da kowace kafa,
don ranar da ruwa zai nemi hanya.
Wuƙa a inda hannu zai kai ko a duhu.
Kwalekwalen roba a naɗe kamar tabarma,
da kwanan watan da aka duba shi.
Wutar neman agaji, ja, ita ma tana tsufa, in ji su,
kamar magani, kamar mu.

Sai igiyar ƙugu mai ƙugiya biyu.
Ba a kwance ɗaya sai ɗayar ta kama.
Wannan na gane ba tare da tafinta ba,
haka uwarta ta riƙe gidan nan shekara talatin.

A shafi na tara shayina ya huce.
An rubuta: idan mutum ya faɗa ruwa,
a ware mutum ɗaya,
ba ya jan igiya, ba ya taɓa sitiyari, ba ya amsa kira,
aikinsa ya miƙa hannu yana nuna wurin,
kada ya ɗauke ido, ko ƙiftawa da dabara.

Inuwa yana da shekara tara.
Ranar Asabar ce, bayan la'asar, a ramin bayan Rayfield.
Ina bakin ruwan, ina wanke babur.
Wani ya yi sallama daga kan hanya,
na waiwaya na amsa.
Har da tambayar iyali.
Da na juyo, ruwan ya gama gyara fuskarsa.

Ita tana da shida a lokacin, tana riƙe da takalmansa.
Na hana ta ko tsallaka kwata,
sai ta girma ta zaɓi ruwan da ba shi da ƙarshe.
Na yi fushi shekara biyu.
Yanzu na ga abin da ta je nema:
inda aka rubuta wa tsoro doka,
aka ba shi lamba, aka sa hannu.

Sun tashi ranar Laraba, ba waya sai bayan sati uku.
Na sayi igiya kamu ashirin a Taminus,
na ɗaura wa jarka mai murfi,
na kafa turke a bakin ramin, na rataye.
An sace igiyar kwana biyu da sawa.
Na sayo wata.

Da yamma yara sukan zo da awaki, su tuɓe riga.
Sun ɗauka taɓin hankali ne,
tsoho a kan dutse, ga sanyi, ga hadari yana haɗowa.
Masu wucewa suna sallama.
Ina amsawa, Allah ya sani,
amma ba na juyawa.