Tattabarun Aloiz

Watana na farko a Bytom
na yi ta rabon gaisuwa kamar mai rabon goro,
a matakala, a tashar taram, a gaban mai burodi.
Ba wanda ya miƙo hannu.
Sai na koyi tafiya irin tasu:
ido a ƙasa, haɓa cikin wuyan riga,
baki a garƙame kamar rumbun marowaci.

A masana'antar da muke haɗa kujerun mota
akwai Olena, akwai Bishal ɗan Nefal.
Teburi ɗaya muke cin abinci,
kowa da garinsu a tafin hannu, yana shafawa da yatsa.
Ƙararrawa ke tara mu,
ita ce kuma ke watsa mu.

Lahadi ce mai wuya.
Tun ƙarfe uku duhu ke shigo da kayansa.
In dafa shinkafar mutum huɗu,
don hannuna bai iya awon mutum ɗaya ba,
in ci, in rufe saura, in saurari firji.

Ran nan, bayan garejin jan bulo,
na ji kukan da na sani tun ban san kaina ba.
Na bi shi.
Wani tsoho ne, tsohon mahaƙin kwal,
shuɗin tabo a goshi, hula ta sha duniya,
riƙe da tattabarar da zare ya sarƙe wa ƙafa.
Yatsunsa na rawa, zaren na ƙara shigewa.
Folancina a lokacin bai cika cokali ba,
don haka hannu na miƙa.
Ya dubi hannun, ya dube ni,
ya daɗe,
sannan ya ɗora mini ita, zuciyarta na bugun tafina.
Na warware a hankali, yadda Kawu Sallau ke yi.

Bai ce na gode ba.
Bokiti ya kife, ya nuna mini da haɓa.

Haka muka fara, Lahadi bayan Lahadi:
shayi da lemon tsami a kofin gilashi,
shiru mai ɗumi, ba irin na ɗakina ba.
Ya bugi ƙirji: Aloiz.
Na bugi nawa: Haladu.
Ya juya sunan a baki kamar ƙwallon dabino
ya fito da shi Haladek, a haka ya zauna.
Sau ɗaya ya miƙo naman alade, na girgiza kai.
Mako na gaba sai ga bandar kifi a takarda.
Har yau ba mu yi zancen ba.

Wata yamma baƙuwa ta sauka a rufi,
ramammiya, zoben wata ƙasa a ƙafarta.
Ya nuna ta, ya nuna ni, ya ƙyalƙyale har da tari.
Na rasa ko in ji haushi.
Kafin in yanke shawara
ya buɗe mata akurki, ya zuba hatsi,
ya kore wani jan namiji da ke saranta.

A Janairu ƙura ta nemi bashinta a huhunsa.
'Yarsa Bronka ta buga mini ƙofa,
karon farko da ƙofar ta ji hannun wani.
Makulli ne ɗaure da igiya:
"Baba ya ce kai kaɗai suka sani."

Yanzu kafin asuba nake fasa ƙanƙarar ruwansu,
in ƙirga su, in sake ƙirgawa.
Matar hawa na biyu, wadda ta haɗiye gaisuwata arba'in,
jiya ta buɗe taga cikin sanyin nan:
"Haladek! Yaya jikin tsohon?"

Inna ta kira da dare, ta ce ko na yi abokai.
Na ce ɗaya, yana asibiti, yana faɗa da nas.
Saura talatin da biyu, masu fiffike.
Ta yi shiru, sannan ta ce,
to, ka kai masa abinci.