Taurari a Ɗigon Jinin Jazuli

A Wad Madani, bayan la'asar,
wuta ta dawo, firji ya yi tari irin na tsoho.
Na ja labulen ɗakin awo,
na zauna daga ni sai madubi sai ɗigon jinin Jazuli,
autan Inna, mai dogon wuya da saurin dariya.

Aikin ba baƙo ba ne, na yi wa mutum ɗari:
ka ɗebo fararen ƙwayoyin jini,
ka kwantar da su a abu mai kama da daskararren koko,
ka tuɓe musu riga da ruwan gishiri,
ka saki lantarki ya ja.
Wadda zaren gadonta ke nan garau
sai ta zauna dunƙule kamar curin fura.
Wadda nata ya tsintsinke,
guntayen su biyo ta a baya, su yi mata wutsiya.

Na kafa ido.
Ga sama baƙa ƙirin a faɗin ƙwayar gero,
ga taurari kore shar, kowacce na jan jela.
Kakarmu, da ta baro Haɗeja da ƙafa da niyyar Makka
ta ƙare a tsinkar audugar Jazira,
sau ɗaya ta ga irinta a sama, ta yi sadakar gumba.
Ta ce ganinta ba alheri ba.
Ni yau saba'in da uku na ƙirga cikin ɗari,
na sake ƙirgawa, ko idona ne ya yi ƙarya.

Shekara huɗu ya yi a Abidiyya,
inda injin niƙan dutse ba ya barci.
Ya cuɗa laka da zaiba da tsirarar hannu,
ya matse a tsumma,
ya ɗora curin a cokali bisa garwashi,
ya sunkuya yana hurawa.
Zaiba ta tashi ba wari, ba sallama,
ta bar masa ɗan ƙwallon zinariya.

Daga cokalin nan Inna ta sami rufin kwano.
Daga cokalin nan aka biya kuɗin karatuna,
har na iya karanta abin da cokalin ya rubuta.
Wa zan kai ƙara?
Farar rigar da ke jikina ma shaida ce a shari'a.

Amma madubi ba ya faɗin sunan ɓarawo,
ɓarnar kawai yake nunawa.
Ko jirgin feshi ne, da muke bi da gudu muna ɗaga hannu
yana yi mana yayyafi mai ɗaci a gonar auduga?
Ko gangar magani ce, shuɗiya,
da Baba ya ɗauraye sau uku ya mai da ita randa?
Mun sha, mun yi alwala, mun dama kunu.
Nawa jinin ban taɓa dubawa ba.
Wanzami, an ce, ba ya son jarfa,
ni kuwa na iya ɗaure wa wani hannu da igiya.

Akwai maɗinka a cikin kowace ƙwaya,
haka muka karanta,
suna bin zare dare da rana suna ƙulla abin da ya tsinke,
in dai mai yaga ya ajiye almakashi.
Wannan na riƙe, shi kaɗai, kamar guga a bakin rijiya.

Yana waje ƙarƙashin darbejiya wajen mai shayi.
Kofi na rawa a hannunsa, rabi ya zube a jallabiya.
Ya ce, Yaya Batula, me kika gani?
Na ce, taurari.
Ya ce, ai na faɗa miki ni mai sa'a ne.
Tikitin motar asuba ya leƙo daga aljihunsa.
Na karɓi kofin, na riƙe masa,
na ce matsa in zauna, auta,
yau sai mun yi dare, zan ba ka labarin wutsiya.