Minti Uku

Masallacinmu a da shagon facin taya ne,
a yammacin Baltimo, bayan layin dogo.
Har yau in zafi ya taso darduma kan yi warin roba,
goshi na ƙasa, hanci na tuna tsohon sana'ar gida.

Ni ne ladan. Makulli na wuyana.
Shekara sha huɗu na ci a gidan yari,
can Liman Taalib Whitfield ya ɗura mini Fatiha
aya-aya, ta bayan gilashi, kamar mai shayar da maraya.

Da safe direban bas ne.
Da yamma shi ne lauya, shi ne mai raba gardama,
shi ke auna shinkafa da gwangwanin wake
ga duk wanda ya shiga layi, ba a tambayar alƙibla.
Tsohuwa Odessa ta cocin kusa da mu ke riƙe littafin,
ta ce lissafinsa na sadaka ne, ba na ɗan kasuwa ba.

Fitilar kwanar titinmu ta mutu tun azumin bara.
Ya rubuta takarda, ya buga waya,
aka ce danna ɗaya, aka ce danna biyu,
aka bar shi da kiɗa a kunne har la'asar ta kusa.

Ran Talata muka je majalisar birni.
Kowa minti uku. Ga agogo ja a bango.
Ya miƙe da rigar aiki, bai ko canza ba, ya ce:
"Ban zo da huɗuba ba.
Yara bakwai na wanke da hannun nan a bana,
biyu na raka coci, don uwayensu maƙwabtana ne.
Ƙaraminsu Keontae, bai fara aske gemu ba,
a gindin fitilar nan ya faɗi, madara a hannunsa.
Ba aljanna na zo roƙo ba, na san Mai ita.
Ƙwan lantarki nake nema."
Ƙararrawa ta kaɗa.
"Mun gode. Na gaba."

A mota ba wanda ya ce uffan.

'Yan'uwa suka rabu biyu bayan isha'i.
Wasu suka ce siyasa najasa ce, liman ya tsaya a mumbari.
Wasu suka ce a tare titi, a ƙona taya, ai muna da ita.
Ya bar su suka gaji, sannan ya ce:
"Kawar da ƙaya daga hanya ibada ce.
Duhu ma ƙaya ne."

Da zaɓe ya ƙarato sai ga ɗan takara,
da mai hoto, da sabuwar safa, da sallama ta haddar jiya.
Liman bai tsaya hoto ba.
Ya ce, "Bari dare ya yi, mu taka zuwa kwana."
Taku tamanin ne. Na ƙirga.
Mutumin ya yi su yana waiwaye.
"Ƙuri'armu rance ce," in ji liman, "ba kyauta ba.
Kuma Odessa ce ke rubuta bashi."

Wata Laraba, ina fitowa kiran asuba,
sai na ga inuwata a gabana, doguwa,
har na tsorata da ita.
Fitila ta kama.
Ta haska kyandirori da suka narke a gindin ƙarfe,
da hoton yaro da ruwan sama ya cinye rabin fuska.
Uwarsa na tsaye a taga. Ba ta ɗaga hannu ba.

Liman ya ce alhamdu lillahi, sau ɗaya, a hankali,
ya zaro ɗan littafi daga aljihu, ya soke layi guda.
A ƙasa akwai sha shida:
famfon makaranta mai tsatsa, ɓeraye, kangon gida mai lamba ɗari huɗu.

"Luƙman, ran Talata kana da aiki?"
Na ce babu.
"To ka zo da canji. Wajen ajiye motarsu ba ya karɓar addu'a."